Abokina yana cewa gara ya mutu ya huta: me aka tabbatar yana taimakon ɗalibi a irin wannan hali?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a nan arewacin Kamaru, shekara ta uku, kuma nine delege, wato wakilin ɗalibai, na ajinmu. Bara mun rasa wani yaro a minisite ɗinmu, wato gidan hayar ɗalibai, an ce rashin lafiya ne amma mu na kusa mun san shi ya kashe kansa. Yanzu kuma abokina da muke ɗaki ɗaya ya faɗi jarabawa, ratrapaj, wato jarabawar gyara, ma bai tsallake ba, ya daina zuwa amfi, wato ɗakin lacca, baya cin abinci sosai, har sau biyu yana ce min gara ya mutu ya huta iyayensa ma su huta da shi. Na masa wa'azi na ce haramun ne, shiru kawai yayi. Dan Allah akwai abin da aka tabbatar yana aiki? Magana kawai tana iya tsare mutum? Ban ma san inda zan samu sikolog, wato masanin halayyar ɗan adam, ba."

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan wanda kuka rasa, kai kuma Allah ya saka maka da alheri da baka haɗiye maganar nan ba. Abu biyu kake tambaya, me zaka yi da abokinka yanzu, da kuma wane irin taimako ne aka gwada aka ga yana rage haɗarin kashe kai tsakanin ɗalibai. Na farkon baya jira, shi zan fara.

Yau ɗin nan

Ka samu lokacin da kuke ku biyu, ka ajiye waya, ka ce masa maganar nan da kake yi ta tsaya min a rai, kana tunanin kashe kanka ne? Haka ɗin, ba kewaye-kewaye. Na san zuciyarka zata ce kar in saka masa abin da babu a ransa, kusan kowa haka yake ji, amma an bincika wannan sau da dama, har da wani gwaji da aka buga a 2005 kan 'yan makarantar sakandare fiye da 2,000 a Amurka, kuma ba a ga tambaya tana ƙara tunanin ba. A ɗakin aikina abin da na fi gani shi ne ajiyar zuciya, mutum ya daɗe yana jiran wanda zai iya jin maganar bai firgita ba.

In ya ce eh, kar ka yi salati da ƙarfi kar ka fara faɗa. Ka tambaye shi tun yaushe, ya shirya yadda zai yi ne, ya tanadi wani abu, ya taɓa gwadawa a baya, yana shan giya ko tramol ko wata ƙwaya. In akwai shiri ko tanadi, ko ya taɓa gwadawa, toh kar ya kwana shi kaɗai, ku tafi asibiti tare ko da dare ne, ko cibiyar lafiya ta cikin jami'a ko sashen gaggawa na babban asibitin yanki, ku nemi wanda yake duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Kuma kar ka masa alkawarin rufa asiri. Ka ce masa ba zan yaɗa ka ba amma ni kaɗai ba zan iya ɗaukar wannan ba, zaɓi mutum ɗaya a cikin manyanka da zamu faɗa wa tare. Barinsa ya zaɓa yana da muhimmanci, wani yaron kawunsa ko yayarsa sun fi masa sauƙi fiye da babansa.

Me yasa ɗalibai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ne suke kashe kansu duk shekara, kuma a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29 wannan yana cikin manyan abubuwan da suke kawo mutuwa. Kashi 73 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici abin yake faruwa, kuma a ƙididdigar 2019 yankin Afirka ne ya fi kowane yanki, kusan 11 cikin kowane mutum 100,000 alhali na duniya 9 ne. Saboda haka masu cewa ciwon Turawa ne ko ciwon 'yan gayu, ba gaskiya bane. Mu dai bama faɗa ne, kamar yadda aka yi da yaron minisite ɗinku, a ce rashin lafiya don a rufa wa iyali asiri.

Shekarun jami'a su ne shekarun da yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa suke fara bayyana, sannan ka ɗora musu halin da ɗalibin arewa yake ciki. Tun gyaran 1993 aka soke burs, wato tallafin karatu, a jami'o'in gwamnatin Kamaru aka sa kuɗin rajista sefa 50,000, ga haya ga abinci ga fotokopi, yaro ya baro Mokolo ko Yagwa ko Gider, ko ya tsallako daga Cadi zuwa Gaundare ko Marwa, an sayar da ɗan maraƙi ko buhunan gero an tura shi, duk gida ana kiransa mai karatu, shi kuma yana ganin yayyensa masu digirin farko da na biyu suna haya da babur suna jiran konkur, wato jarabawar shiga aikin gwamnati. Wasu daga Mora ko Kolofata ko Fotokol suka fito, garuruwan da rikicin Boko Haram ya shafa, sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba tun suna yara kuma ba wanda ya taɓa zama da su a kai. Ga cacar ƙwallo a waya da take cinye kuɗin rajista a dare ɗaya. 'Yan mata kuma nasu daban ne, cikin da ba a shirya ba, saurayi mai barazanar watsa hoto, malamin da yake riƙe maki sai an biya masa buƙata, ko gida da suke cewa ta dawo a ɗaura aure.

Amma dubban ɗalibai suna cikin wannan kuma basa tunanin mutuwa, toh me ya bambanta? Wani masani ɗan Amurka, Thomas Joiner, ya yi bayanin da nake ganin ya dace da mu sosai, ya ce haɗarin yana tashi idan abu biyu suka haɗu a zuciya, mutum ya ji ya zama nauyi a kan nasa, kuma ya ji ya fita daga cikin jama'a ba shi da kowa. Ka sake karanta abin da ka rubuto min. "Iyayensa su huta da shi", ga nauyin nan. Ya daina zuwa amfi, ga yankewar. Shi yasa na ɗauki maganar abokinka da gaske.

Kuma a wajenmu ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa da sunansa ba. Ɗalibi zai zo min da ciwon kai, zafin ƙirji, faɗuwar gaba, rashin barci, an masa maganin zazzaɓin sauro an masa na taifot an sake, a gida an ce sammu ne ko iska. Kunya da haƙurin da aka tarbiyyantar da mu a kai abubuwa ne masu kyau, sai dai suna sa namiji musamman ya ga faɗin damuwa gazawa ce.

Wa'azin da ka yi

Ba laifi ka yi ba, kuma addini kariya ce babba, na ga mutane da yawa da tsoron Allah kaɗai ya riƙe su a daren da komai ya yanke. Amma abokinka ya san haramun ne tun kafin ka faɗa. Abin da ya ji a kunnensa shi ne bayan na faɗi jarabawa yanzu kuma na zama mai raunin imani, sai ya yi shiru, shirun kuma shi ne abin tsoro. Ina yawan tuna wa iyaye da malamai abin da ya zo a Suratu Maryam, lokacin da naƙuda ta kama Nana Maryam ita kaɗai a gindin dabino har ta yi burin ina ma ta mutu kafin wannan. Ba a tsawata mata ba, an ce kar ta yi baƙin ciki, ga ruwa ga dabino, ta ci ta sha hankalinta ya kwanta. Ayar Suratun Nisa'i da ta hana kashe kai ma da ambaton jinƙan Allah ta ƙare. Toh a fara da wannan. Idan iyali suna son ruƙiyya ko addu'a a coci ni bana hana su, nakan ce a haɗa da asibiti, kuma kar a ɗaure shi kar a doke shi da sunan fitar da aljani.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Kafin in shiga, riƙe wannan domin duk sauran a kansa suka tsaya. Tsananin son mutuwa baya daɗewa a ƙololuwarsa. Kamar mayo ne, wato kogin da yake ƙafewa, a Marwa bayan ruwan sama, ya cika ya yi ƙarfi har ya ja mota, bayan wasu awanni yara suna wasa a yashinsa, wanda ya halaka shi ne wanda ya shiga a wannan ɗan tsakanin. A wani bincike kan waɗanda suka gwada suka tsira, kusan rabi sun ce tsakanin tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. Kenan aikinmu na farko shi ne mu tsallakar da mutum wannan lokacin da ransa, na biyu mu koya masa yadda zai yi in ya sake tasowa.

Abu mafi sauƙi kuma wanda nake fara yi da kowa shi ne tsarin tsira, wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka tsara. Takarda ɗaya ce, ana rubuta ta tare da mutumin, da kalmominsa, cikin minti 20 zuwa 45. Ana fara da alamomin da shi ya san in sun zo abin yana tasowa, misali in ya kwana biyu bai yi barci ba ko in an kira daga gida ana tambayar sakamako. Sai abin da zai iya yi shi kaɗai ya rage zafin, fita tafiya, karatun Alƙur'ani, wanka da ruwan sanyi, jin rediyo. In bai yi ba, wurare da mutanen da zasu ɗauke masa hankali ko bai faɗa musu komai ba, wajen mai shayi, filin ƙwallo, masallaci. Sai mutanen da zai iya ce wa ina cikin hali, da lambobinsu a rubuce, sai ma'aikacin lafiya da asibitin da zai je. Na ƙarshe, a nisantar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. A gwajin da aka buga a 2018 kan tsofaffin sojojin Amurka da suka zo sashen gaggawa, waɗanda aka yi wa wannan tsarin aka kuma bi su da kiran waya sun samu raguwar yunƙurin kashe kai da kashi 45 cikin 100 a wata shida. Ka lura wannan ba irin "rantse min ba zaka yi ba" bane. Sa mutum rantsuwa ko sa hannu ba a ga yana tsare kowa ba, hankalin mai tambaya kawai yake kwantarwa.

Batun nisantar da abu kar ka raina shi. Mu yankin auduga ne, maganin feshi yana cikin ɗakuna da yawa, magunguna kuma ana sayar da su a tebur a kasuwa ba takardar likita. Siri Lanka da ta hana magungunan feshi mafi haɗari, yawan kashe kai ya sauka da kusan kashi 70 cikin 100 daga 1995, ba don matsalolin mutane sun ƙare ba. Ka duba ɗakinku, abin da ya kamata ya fita ya fita, da saninsa in zai yiwu, in kuma zai tafi gida hutu a faɗa wa wanda ya zaɓa ya yi haka a can.

Sai jinyar magana ta sosai, wadda a Faransanci ake taƙaita sunanta da TCC, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Ba hira bace kawai ba kuma nasiha bace. Muna ɗaukar ranar da abin ya fi tsanani mu warware ta daki-daki, me ya faru, me ka ce wa kanka, me ka ji a jiki, me ka yi, har mu gano inda za a iya yanke igiyar. Tunani irin "na gama lalacewa" ko "sun fi jin daɗi in babu ni" muna ɗaukarsa kamar magana da take buƙatar shaida, nakan tambayi yaro in ƙaninka ne ya faɗi jarabawa zaka so ya mutu don ku huta? Ban cika samun wanda ya ce eh ba. Sannan a mayar da shi cikin harkoki kaɗan-kaɗan tun kafin ya ji sha'awa, domin a ciwon damuwa motsi ne yake jawo sha'awa ba sha'awa take jawo motsi ba. A 2005 Brown da Aaron Beck da abokan aikinsu sun gwada zama kamar 10 na irin wannan kan mutum 120 da suka taɓa yunƙuri a Filadelfiya, sake yunƙurin ya ragu da rabi cikin wata 18.

Akwai wata hanyar da Marsha Linehan ta ƙirƙiro, DBT, jinyar da take koyar da dabarun jure zafin rai da daidaita shi, ga waɗanda ransu yake tashi da sauri kuma suke yawan ji wa kansu ciwo. Ita an gwada ta a kan ɗaliban jami'a kai tsaye, ɗalibai 63 a jihar Nebada ta Amurka, an buga a 2012, kuma tunanin kashe kai da damuwa sun ragu fiye da na waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba. Cikakkiyarta tana cin watanni da ƙwararru da yawa, wanda mu bamu da shi, amma dabarunta na gaggawa ina koyar da su, ruwa mai sanyi a fuska, motsa jiki mai ƙarfi na 'yan mintuna, numfashi a hankali ana tsawaita fitarwa.

Wanda ya fi dacewa da aljihunmu gaskiya shi ne koyar da warware matsala. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa suna zama da mutane a benci a harabar asibiti, zama shida, a lissafa matsalolin a zaɓi ɗaya a nemo hanyoyi a gwada a dawo, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna damuwa ta ragu sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da irinsa mai zama biyar da aka gwada a Kenya da Pakistan, wanda ba sai sikolog ne zai bayar ba. Ga abokinka wannan yana nufin a raba dutsen gida-gida, maimaita shekara nawa zai ci, waɗanne darussa ne ya riga ya ci basa buƙatar sakewa, wa zai raka shi wajen shugaban sashe, wa zai faɗa wa baba kuma da wane baki. Sau da yawa wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da yaro yake gudu har yake ganin mutuwa ta fi sauƙi, kuma na sha ganin uba ya yi faɗansa na kwana biyu ya sauko ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Bibiya kuma, wlh abin mamaki ne ƙarfinta. Tun shekarun 1970 wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, ya riƙa aika gajerun wasiƙu ga waɗanda aka sallama suka ƙi ci gaba da jinya, ba komai a ciki sai muna tunawa da kai muna fatan kana lafiya, kuma mutuwa ta ragu a cikinsu a shekaru biyun farko. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada zaman bayani na awa ɗaya da bibiya sau tara cikin wata 18 a Barazil, Indiya, Siri Lanka, Iran da Sin, mutuwa ta hanyar kashe kai ta zama kashi 0.2 cikin 100 a waɗanda aka bi, 2.2 a waɗanda ba a bi ba. Mu da muke da al'adar gaisuwa da zumunci, saƙon WhatsApp na "ya ka kwana, ka ci abinci?" ba zai gagare mu ba, sharaɗin kawai kar a daina bayan sati ɗaya.

A matsayinka na delege

Lacca ɗaya ranar 10 ga Satumba, ranar yaƙi da kashe kai ta duniya, tana da kyau amma bata isa ba. Wani babban gwaji a ƙasashen Turai 10 kan 'yan sakandare kusan 11,000, wanda aka buga a 2015, ya nuna shirin da ya sa yaran da kansu suka tattauna suka yi wasan kwaikwayon yadda zasu fuskanci matsala ya rage yunƙuri da kusan rabi a shekara ɗaya, alhali horar da malamai kaɗai bai nuna irin wannan ba. Toh ku nemi anfirmiye, wato nas, ko sikolog ya horar da wasu daga cikinku, delege-delege, shugabannin ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, na masallaci da na coci, masu gadin minisite, a kuma riƙa sabuntawa domin horon yana dushewa. Ku fi sa ido lokacin fitowar sakamako da lokacin biyan rajista. In kuma Allah ya kawo irin ta bara, kar a watsa hoto a guruf, kar a bayyana yadda aka yi, kar a ce abu ɗaya ne ya jawo, domin wannan yana jan wasu masu rauni. Ku da kuka san gaskiyar mutuwar yaron nan ma kuna buƙatar wanda zai zauna da ku.

Inda ƙarfinmu ya tsaya

Daga saƙo ba zan iya ce maka ga ciwon abokinka ba, sai an gan shi. Kuma ko mu da muke wannan aikin bama iya nuna wanda zai aikata da wanda ba zai aikata ba, wani nazari na 2017 da ya tattara binciken shekara 50 ya nuna hasashen ƙwararru da kaɗan ya fi canki-canka. Yawancin gwaje-gwajen da na ambata a Amurka da Turai aka yi su, wasu ba kan ɗalibai ba, na ɗaliban kuma ƙanana ne, shi yasa muke ɗaukar gindin abin mu gyara shi daidai da mutanenmu. Magana kuma bata maye gurbin magani a wasu halaye. In yana jin muryoyi, ko yana zargin ana binsa, ko ya yi kwanaki baya barci yana ta zuba da ƙarfin da ba nasa ba, ko tramol ya kama shi, wannan na likita ne kai tsaye. In an rubuta masa maganin damuwa, yana ɗaukar sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga amfaninsa, kuma ga 'yan ƙasa da shekara 25 ana ƙara sa ido a makonnin farko domin tunanin yana iya ƙaruwa kafin ya sauka, wani ya riƙe maganin yana ba shi na kwanaki kaɗan-kaɗan. Haka in ka ga ya warware farat ɗaya yana raba kayansa yana neman gafarar mutane, kar ka ce alhamdulillahi ya warke, ka sake tambayarsa a ranar.

Kai ma ƙanena ka kula da kanka, kai abokinsa ne ba likitansa ba, ku zama ku biyu ko uku kuna karɓa-karɓa don kar karatunka da barcinka su tafi. Ka yi masa tambayar nan yau, gobe da safe ku je asibitin tare ko da ya ce maka ya ji sauƙi, ka zauna a waje ka jira shi ya fito, sannan ka rubuto min abin da aka ce muku.